Digirin dakta a ilimin halayyar ɗan Adam ta intanet: abin da ɗalibin Gure zai iya samu, da abin da waya ba ta kawowa

Duk mai riƙe da masta da ya taɓa neman bayanin ƙarin karatu a wayarsa ya san abin da ke biyo baya. Kwana da kwanaki Facebook zai yi ta jero masa tallan jami'o'in da ke alƙawarin digirin dakta, wato doktora, ba tare da ya bar gida ko ya ajiye aiki ba. Ilimin halayyar ɗan Adam, wanda ƴan jami'a ke kira sikoloji, yana cikin fannonin da aka fi tallatawa.

A gari irin Gure tallan yana da shiga rai. Garin yana kusan kilomita 170 gabas da Damagaram, a kan babbar hanyar da ta nufi Diffa, kuma tsakaninsa da Yamai ya haura kilomita 1,000. Malamin lise, ko ma'aikacin jinya a asibitin gunduma, ko wanda ke aiki da ƙungiyar agaji, idan yana son ci gaba da karatu bayan masta, abin da aka saba shi ne ya nemi izinin barin aiki, ya bar iyali, ya je ya kama ɗaki a babban birni na tsawon shekaru. Ba kowa ke iya wannan ba. Buƙatar masana kuwa ba a ɓoye take ba. Tun hare-haren Boko Haram a Bosso da Diffa a watan Fabrairun 2015, gabashin Nijar ya cika da mutanen da suka rasa gida da dangi, da yaran da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa ba su kai 2 ba ga kowane mutum 100,000, alhali a ƙasashe masu arziki sun haura 60.

To shin ana iya yin wannan digiri daga Gure? Ana iya yin wani irinsa. Wani kuma ba ya yiwuwa ko da intanet ɗin ya fi na ko'ina ƙarfi, kuma masu talla ba su cika bambance su ba.

Dakta iri biyu ne

Na farko shi ne na bincike. Ɗalibi zai zaɓi tambaya guda, ya karanta abin da aka rubuta a kanta, ya tattara bayanai, ya rubuta kundi, sannan ya kare shi gaban kwamitin malamai. Wannan ne ake nufi da doktora a tsarin LMD da jami'o'in Nijar ke bi: lisans shekara 3, masta shekara 2, doktora aƙalla shekara 3. Babu darussan aji masu yawa a cikinsa, shi ya sa nisa ba ya hana shi. Mai irin wannan digiri malamin jami'a ne ko mai bincike.

Na biyu shi ne na koyon duba marasa lafiya: sauraren mai damuwa, gwada yaron da karatu ya gagara, gane wanda ke dab da hallaka kansa. Wannan sana'a ce ta ido da kunne, kamar unguwarzoma, kuma ana koyonta ne a gaban mara lafiya, ƙarƙashin idon wanda ya riga ya ƙware. A Amurka, inda akasarin waɗannan tallace-tallace ke fitowa, sai da digirin dakta ake samun lasisin wannan aiki a yawancin jihohi, kuma ƙungiyar masana fannin ta ƙasar, APA, ba ta amincewa da shirin da aka yi shi kacokan ta intanet. Ƙa'idarta ta tanadi aƙalla shekara guda ta zama a makaranta, ban da dogon aikin koyo a asibiti. Jami'ar Fielding da ke Kalifoniya, wadda APA ta amince da shirinta duk da cewa ɗalibanta a warwatse suke, tana tilasta musu haɗuwa ido da ido na sa'o'i masu yawa. Ɗan Gure da ya biya kuɗin shirin da babu wannan a cikinsa zai iya samun takarda, amma ba ta ba shi damar duba mara lafiya ko a ƙasar da ta ba shi ita.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: a tsarin Faransa, wanda karatun jami'a na Nijar ya gada, ba digirin dakta ke mai da mutum masanin da ke duba jama'a ba. Dokar Faransa ta 1985 ta keɓe wannan suna ga wanda ya yi lisans da masta duka a fannin, kuma ƙa'idojin da suka biyo bayanta sun ɗora masa aikin koyo na sa'o'i 500 a ƙarƙashin ƙwararre. Wanda ya yi masta a ilimin zamantakewa ko na koyarwa, sannan ya ɗora doktora a sikoloji, ya zama mai bincike, bai zama mai jinya ba. Don haka wanda burinsa shi ne ya taimaki ƴan gudun hijira ko ɗaliban da ke cikin damuwa, mai yiwuwa masta mai aikin koyo yake buƙata, kuma jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana da sashen wannan fanni a tsangayar adabi da ilimin ɗan Adam.

Ƙofofin da ke buɗe

Ga mai Faransanci, karatun nesa ya fi yawa a matakin ƙasa da doktora. Cibiyar karatun nesa ta jami'ar Paris 8 ta daɗe tana koyar da lisans da masta a sikoloji, sai dai ɗalibi ne zai nemo wurin aikin koyo. Hukumar jami'o'in ƙasashe masu amfani da Faransanci, AUF, ita ma shirye-shiryenta na nesa galibi lisans ne da masta. Doktora a jami'ar gwamnati ta Faransa ba a sayar da shi a matsayin kwas na intanet. Hanyarsa ita ce mutum ya samu farfesan da ya yarda ya jagorance shi, makarantar doktora ta karɓe shi, sannan su shirya yadda za su riƙa ganawa. Kuɗin rajista bai kai yuro 400 a shekara ba, kimanin jaka 260 ke nan. Wahalar tana wajen samun malamin, da kuma tafiya idan ta kama, musamman tun da Faransa ta rufe ofishin jakadancinta a Yamai a farkon 2024.

Ga mai Turanci, wadda ta fi daɗewa a nahiyar ita ce UNISA ta Afirka ta Kudu, da ke koyarwa daga nesa tun 1946, lokacin da ake aika darasi ta gidan waya. Tana ba da digirin dakta na bincike a sikoloji. A maƙwabciya Najeriya akwai jami'ar karatu daga gida, NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar da ita a shekarar da ta biyo, aka farfaɗo da ita a 2002. Tana da cibiyoyi a Kano da Katsina, tana kuma ba da digirin dakta a wasu fannoni. Sai dai Turancin rubuta kundi daban yake da Turancin ciniki a kasuwar Kantin Kwari, kuma wanda ya yi dukan karatunsa da Faransanci ya kamata ya ƙiyasta shekara guda ta gyaran harshe kafin ya fara.

Hanyar da malamai da ma'aikata da yawa ke bi a zahiri ba ta da sunan intanet ko kaɗan: su yi rajista a jami'ar cikin gida ko ta wata ƙasar yankin, su ci gaba da aikinsu, su riƙa aika babi ta imel da WhatsApp, su je ganin malami lokacin hutu. Jami'ar André Salifou ta Damagaram, wadda aka kafa a 2010, ta kawo malaman jami'a da ɗakin karatu kusa da Gure, tafiyar sa'o'i kaɗan a mota.

Inda tafiyar ke tsayawa

Abin da ɗaliban karatun nesa suka fi kuka da shi a ko'ina cikin duniya ba shekarar farko ba ce. Lokacin darussa akwai jadawali, akwai abokan aji, akwai ranar miƙa aiki. Bayan nan sai a bar mutum shi kaɗai da kundinsa. Wani babban bincike da majalisar makarantun gaba da digiri ta Amurka ta fitar a 2008 ya nuna cewa kusan kashi 57 cikin 100 ne kawai na masu fara doktora ke kammalawa cikin shekara 10, kuma waɗannan ɗalibai ne da ke zaune a harabar jami'a. Barbara Lovitts, wadda ta yi nazarin masu barin doktora a littafinta na 2001, ta gano cewa ba ƙarancin basira ya raba su da masu gamawa ba. Abin da ya raba su shi ne cuɗanya: wanda ke da ofis a sashe, yana shan shayi da malamai, yana jin yadda na gaba da shi suka warware matsala, shi ke kaiwa ƙarshe. Ɗalibin da ke Gure ba shi da ko ɗaya daga ciki sai abin da ya ƙirƙiro wa kansa.

Komai kuma ya rataya a wuyan mutum guda, wato malamin da ke jagorantar kundin. Ɗalibin harabar jami'a idan malami ya yi shiru, zai tsaya masa a bakin ofis. Na nesa sai dai ya sake aika saƙo ya jira. Wata uku na jiran gyaran babi ɗaya ba baƙon abu ba ne, kuma idan aka canza malami, sabon na iya cewa a koma farko. A jami'o'in kasuwanci da ke karɓar kuɗi kowane zango, wannan jira kuɗi ne ke fita. A 2024 jami'ar Walden ta Amurka, ɗaya daga cikin manyan masu koyarwa ta intanet, ta amince ta biya dalar Amurka miliyan 28.5 don kashe ƙarar da tsofaffin ɗalibanta na doktoran harkokin kasuwanci suka shigar, inda suka zarge ta da jan matakin kundi fiye da yadda aka faɗa musu. Jami'ar ba ta amsa laifi ba, kuma ƙarar ba ta shafi sashen sikoloji ba, amma tambayar da ta taso ta shafi kowa: shekara nawa ɗalibai ke ɗauka a zahiri, kuma nawa ne ke gamawa? Makarantar da ta ƙi ba da wannan lissafi a rubuce ta riga ta ba da amsa.

Batun kuɗi a nan sai an yi hattara da kalma, domin dalar da ake nufi ba dalarmu ta kasuwa ba ce. Irin waɗannan digirori na Amurka suna cin dubun-dubatar dalar Amurka. Idan aka ɗauki 50,000 a misali, ana maganar abin da ya doshi miliyan 30 na sefa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jaka 42 a wata.

Sai abubuwan yau da kullum. Karanta takardu da aika rubutu ba sa cin intanet sosai, ko da rezo mai rauni ana lallaɓawa. Taron bidiyo na sa'a biyu shi ne matsala, ga cin kuɗin data, ga yankewa a tsakiyar magana. Darasin da aka sa ƙarfe 7 na yamma a gabashin Amurka, a Gure ƙarfe 12 ne ko 1 na dare, ga wanda zai shiga aji da safe ya koyar. Afirka ta Kudu kuwa sa'a ɗaya kawai ta ɗara Nijar. Shigowar Starlink a 2025 ta ƙara zaɓi ga mai hali, kuma faifan sola da batiri sun zama kamar wani ɓangare na kuɗin makaranta. Akwai kuma abin da ɗalibi ba shi da iko a kai. An katse intanet na waya na kusan kwana 10 bayan zaɓen Fabrairun 2021. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar har zuwa Maris na 2024, takunkumin CEDEAO da UEMOA kuma ya sa aika kuɗi waje ya yi wuya na tsawon watanni. Kwamfutar jami'ar da ke wata nahiya ba ta san wannan uzuri ba, ranar biya idan ta wuce sai ta rufe shafin ɗalibi. Yana da kyau tun kafin rajista a san ko makarantar tana da tsarin dakatar da karatu na ɗan lokaci ba tare da caji ba.

Wani sauƙi da ba a cika amfani da shi ba: shirin Hinari, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, yana bai wa jami'o'i da asibitocin koyarwa da cibiyoyin bincike na ƙasashe irin Nijar damar karanta dubban mujallun kimiyya kyauta. Ta hannun cibiya ake shiga, shi ya sa alaƙa da jami'ar gida take da amfani ko ga wanda ya yi rajista a waje.

Wa ya san takardar?

A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya bayyana yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai taɓa zama a aji ba. A farkon Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo, abin da ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu da gaskiya. Kafin nan, a 2015, jaridar New York Times ta fallasa kamfanin Axact na Pakistan, wanda ya ƙirƙiri ɗaruruwan jami'o'in bogi a intanet, da hotunan gine-gine da malaman da babu su. Har hukumomin tantancewa na ƙarya ake ƙirƙira, don haka tambarin da ke shafin makaranta ba hujja ba ne.

Ga ɗan Nijar, wurare biyu ne ke yanke hukunci. Na farko hukumomin ilimi mai zurfi na ƙasa, inda ofishin OBEECS ke kula da daidaita takardun da aka samo a waje. Na biyu CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska, wadda aka kafa a nan Yamai a 1968, hedkwatarta kuma tana Wagadugu. Tana da shirin amincewa da digirori, kuma ta hannun kwamitocinta malaman jami'a ke hawa matsayi, inda ake duba kundin mutum da maƙalun da ya wallafa. Abin lura shi ne digiri ɗaya-ɗaya ake amincewa da shi. Makaranta na iya samun amincewa a lisans ɗin lissafin kuɗi, ta manna sunan CAMES a kan dukan tallanta, har da doktoran da ba a taɓa dubawa ba. Tambayar nan kafin biyan kuɗin farko ake yin ta, a rubuce, da cikakken sunan digirin.

Abin da Gure ke da shi

Duk da wannan, akwai fuskar da zama a Gure ya fi zama a Paris riba. Wani nazari da ya yi suna a 2010, na Joseph Henrich da abokan aikinsa, ya nuna cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi gwaji a kansu a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen da ke ɗauke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya. Abin da ake kira halayyar ɗan Adam a littattafai, galibi halayyar ɗalibin jami'ar Amurka ce. Gundumar da Mangawa da Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzaye ke cin kasuwa ɗaya, inda yashi ke cinye kwaruruka masu dabino da kanwa, inda magidanta ke tafiya ci-rani su bar mata da yara watanni, cike take da tambayoyin da ba a yi ba. Yaya matar ɗan ci-rani ke ɗaukar nauyin gida da kaɗaici? Me ke faruwa da yaron makiyayi da ya shiga aji inda ake magana da harshen da bai taɓa ji ba? Wa ake fara kai wa mai taɓin hankali, malami ko boka ko asibiti, kuma me ke sa a sauya?

Akwai magabata a wannan hanya. Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta a 1954, inda marasa lafiya ke zama a gidajen mutanen gari tare da danginsu, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya. Henri Collomb ya yi makamancin haka a asibitin Fann na Dakar. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta wallafa nazarinta kan bori a ƙasar Maraɗi a 1972. A Zimbabuwe, Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci su saurari masu damuwa, ya gina aikin a kan kalmar da mutanen can ke amfani da ita, mai ma'anar yawan tunani. Bahaushe ma haka yake faɗa.

A nan ne malamin da ke nesa ya fi kasa taimakawa. Takardun tambayoyin auna baƙin ciki ko firgici an rubuta su ne da Turanci ko Faransanci, kuma ba a juya su kai tsaye. Ƙa'ida ita ce wani ya fassara, wani daban da bai ga na asali ba ya mayar, a kwatanta, sannan a gwada a kan mutane kaɗan. Ko an yi haka, tambayar da ke cewa ko mutum ya yanke ƙauna da rayuwa za ta gamu da alhamdu lillahi a bakin dattijuwar da ta kwana tana kuka, domin kunya da haƙuri da tawakkali sun tsara abin da ake faɗa wa baƙo. Wata za ta ce zuciyarta ce ke tafasa, ko kanta ke mata nauyi, ko barci ya ƙaurace mata. Farfesan da ke Pretoriya ba zai ji bambancin ɓacin rai da baƙin ciki da ƙuncin zuciya ba, balle idan hirar da Barbarci aka yi ta. Shi ya sa tsarin malamai biyu, ɗaya a waje ɗaya a jami'ar gida, ya fi dacewa da irin wannan aiki, kuma jami'o'i da yawa suna yarda da shi idan an nema tun farko.

Binciken da ya shafi lafiyar mutane kuma yana buƙatar izinin kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa da ke Yamai, ko da jami'ar waje ta ba da nata, ban da sallama ga hukumomin gunduma da masu gari. Kwamitin zai so ya ga yadda wanda bai iya karatu ba zai ba da yardarsa, da inda za a adana muryoyin da aka naɗa a garin da kowa ya san muryar kowa. Zai kuma so ya san inda mai binciken zai tura matar da, ana tsakiyar hira, ta ce ta gaji da rayuwa. Wannan amsar dole ta ƙunshi sunan asibiti, da ma'aikacin da zai karɓe ta, da yadda za a kai ta can daga ƙauyen da aka yi hirar.